Barin taba: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka



Wani ma'aikacin gwamnati ya tare ni bakin kasuwar Maraɗi, ya ce sau huɗu yana barin sigari, sau huɗu yana komawa, ina zai samu taimako? Na san ciwonsa, domin ni ma a lise na koyi busa, na yi shekara 12 a ciki. Na ce masa taimakon yana nan kusa, amma sai an buɗe baki an nema.

Na farko, gidan likita. Nikotin da ke cikin taba ita ce ke kama mutum. Wanda ya bari zai yi fama da ciwon kai, saurin fushi da rashin barci. Abin ya fi tsanani a kwana 3 na farko, yana lafawa cikin sati 2 zuwa 4. Wanda ba a gaya wa haka ba, ran kwana biyu sai ya sare. A je wurin lokotoro ko majo na CSI na unguwa, a tambayi maganin da ke maye gurbin nikotin, na taunawa ko na mannawa ga fata, wanda hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2009. In tari ya wuce sati 2, a auna kaki, domin maganin tarin fuka kyauta ne.

Na biyu, doka. Nijar ta amince da yarjejeniyar OMS ta yaƙi da taba a 2005, kuma dokar 15 ga Mayu 2006 ta hana shanta a wuraren aiki da na taruwar jama'a. Saboda haka in abokin aiki ya kunna cikin biro, kana da hurumin ce masa ya fita waje.

Na uku, wanda ya fi duka, mutanenka. A fada aka miƙa maka karan farko, to a fada za ka yi shela: daga rana kaza na bari, duk mai ƙaunata kada ya miƙo mini. Ka biya mai tebur bashinsa, ka roƙe shi ya rufe maka littafi. Ka gaya wa uwargida ta yi haƙuri da fushin ƴan kwanaki. Kwaɗayin yakan taso ya wuce cikin ƴan mintoci. Kurɓin ruwa, asuwaki ko hira da aboki sun isa a tsallake shi. Kada dai a musanya sigari da taba gari mai kanwa ko shisha, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Ƴan kasuwa kuwa sun san lissafi. Mai kashe dala ɗari kullum, jika 15 yake ƙonawa a wata, jika 182 da rabi a shekara. A zuba su cikin adashe, uwar adashe ta zama shaida.

Mutumin ya ce yana jin kunyar a ga ya sake komawa. Na ce masa ni sai a karo na uku na dace, kuma a karon nan ne kawai na sanar da mutane. Wanda ya iya kame baki daga asuba zuwa magariba kwana 30 na azumi, ya riga ya san zai iya. Ya sa rana, ya faɗa wa mutum uku.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.