Ra'ayinmu: Kafin a zuba jari a sabuwar na'urar gem ta hannu

Duk ɗan kasuwar da ya saba shiga birnin Akra sarin kayan lantarki ya san Zongo Lane, layin da ke tsakiyar gari kusa da kasuwar Makola, inda ake samun komai daga wayar wuta da fis har zuwa ƙananan kayan gyaran rediyo da talabijin. Wurin ya samo sunansa ne daga zangon da Hausawa suka kafa a nan tun ƙarshen ƙarni na 19, kafin jama'a su yi yawa su bazu zuwa Sabon Zongo, daga baya kuma Nima da Maamobi. Yau jikokin waɗancan fatake na goro da shanu su ne ke cinikin caja da batir da wayar salula, kuma daga hannunsu kaya ke bi ta Aflao da Paga da Seme har su dangana da Jibiya da Illela da Maraɗi.

Wata haja da yara ke matsa wa iyaye lamba a kanta, su kuma 'yan kasuwa ke kallonta suna lissafi a zuci, ita ce sabuwar na'urar wasan gem ta hannu, musamman Switch 2 ta kamfanin Nintendo na ƙasar Japan. Tambayar da ake yi guda ce: shin ta cancanci a saye ta, ko don a kai gida ko don a jera a shago? Wannan jarida na ganin cewa na'urar ba ta da laifi, amma ba hajar da za a binne jari a cikinta ba ce a kasuwanninmu, sai dai a kawo ta ga wanda ya yi oda ya kuma ba da kafin alƙalami. Ga dalilanmu.

Da farko ya kamata a faɗi gaskiya game da ita. An fitar da Switch 2 ranar 5 ga Yunin 2025, kuma kamfanin ya ba da sanarwar sayar da fiye da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu kacal, sannan kafin ƙarshen Satumba na wannan shekarar adadin ya wuce miliyan 10. Wadda ta gada, wato Switch ta farko da ta fito a 2017, an sayar da fiye da miliyan 150. Allonta inci 7.9 ne, ana iya riƙe ta a hannu, ana kuma iya jona ta da talabijin. Babu shakka kaya ne mai kyau, kuma ba jabu ba ne. Sai dai kasuwar da ta yi wannan rububin, kasuwar Tokyo ce da Landan da New York, ba ta Nima ko Maigatari ba, kuma abin da ya karɓi wani ba lallai ne ya karɓe ka ba.

Abu na farko shi ne kuɗi. Farashin da aka fitar da ita a Amurka dala 449.99 ne, ita kaɗai ba wasa a ciki. Babban wasan da aka fito da shi tare da ita, Mario Kart World, dala 79.99 ne idan za a saye shi daban. Ma'ajiyar da ke cikinta gigabait 256 ce, kuma idan ta cika ba ta karɓar memori irin na waya da ke cike a shagunanmu don ajiye wasa, sai wani sabon nau'i mai suna microSD Express, wanda aka sa wa mai gigabait 256 kimanin dala 60. Ke nan kafin yaro ya zauna ya yi wasa cikin natsuwa an doshi dala 600, ba a yi maganar kuɗin jirgi ba, ba a yi ta kwastan ba, ba a kuma ɗora ribar mai shago ba. Kada kuma wani ya yi zaton tsarin sassaucin fito na ECOWAS zai taimaka masa a kan iyaka, domin wannan tsarin na kayan da aka ƙera ne a cikin yankin, ita kuwa wannan daga Asiya take. Ga shi kuma tun Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar, abin da ya ƙara wa mai bin hanyar arewa lissafi.

Abu na biyu shi ne canji, wanda ya fi komai karya 'yan kasuwa a 'yan shekarun nan. A watan Afrilun 2025, lokacin da aka fara karɓar odar na'urar a ƙasashen waje, dala ɗaya tana kusan sidi 15 da rabi. Kafin ta fito a farkon Yuni, sidi ya yi ƙarfi har dala ta dawo sidi 10 da 'yan kai. Wanda ya canji dala 450 a Afrilu ya biya kusan sidi 7,000, wanda ya jira zuwa Yuni bai kai ga biyan 4,700 ba. Na farkon, ko ya sayar a kan asara, ko ya zuba wa kayansa ido ƙura tana hawa. 'Yan'uwanmu na Nijeriya kuwa sun ga akasin haka, lokacin da naira ta faɗi daga kimanin 460 a kan dala a tsakiyar 2023 zuwa kusan 1,500 a farkon 2024, inda mutum zai sayar da kaya yana murnar riba, ya koma sari ya tarar kuɗin ba za su maido masa da rabin kayan ba. Hajar da ke fita kullum, kamar caja da iyafis, tana bin canji a hankali, mai ita ya gyara farashi yana tafiya. Hajar da za ta yi wata uku a kan kanta kuwa caca ce da kuɗin ƙasa.

Abu na uku, kuma a ganinmu shi ne mafi muhimmanci, na'urorin yanzu ba irin na da ba ne. Dattawan cikinmu za su tuna ƙaramar na'urar nan ta jera bulo da ta cika gari a shekarun 1990, wadda batir biyu ya ishe ta. Matasa kuma za su tuna PSP ta kamfanin Sony da ta fito a 2004, wadda ta samu karɓuwa a kasuwanninmu saboda dalilin da kowa ya sani ko da ba a faɗa: ana kai ta shago a zuba mata wasanni a memori a kan kuɗi kaɗan, ba da izinin masu su ba. Wannan ƙofar an rufe ta. Tun makonnin farko na fitowar Switch 2 aka samu rahotannin na'urorin da kamfanin ya toshe daga shiga intanet saboda an sa musu katin kwafi, har wasu suka sayi kwance suka tarar an riga an toshe ta. Ɗan kasuwar da ya sayo irin wannan cikin rashin sani, ya kuma sayar wa maƙwabcinsa a Maamobi, ya sayo wa kansa rigima da zubewar mutunci.

Bayan haka, da yawa daga wasannin da wasu kamfanoni ke fitarwa a kanta suna zuwa ne a kan abin da za a iya kira katin mabuɗi. Kwali ne cikakke da kati a ciki, amma babu wasan a kan katin, sai an shiga intanet an sauke shi, wani ya kai gigabait 50 ko fiye. Mai saye a Akra da ke da intanet na gida zai iya jurewa. To, yaya wanda ke Dan Isa ko Kamba, mai sayen data ta kwana ɗaya? Kuma kasuwar intanet ta kamfanin, wato eShop, ba a buɗe ta da sunan Gana ko Nijeriya ko Nijar ba, sai mutum ya yi rajista da sunan wata ƙasa ya kuma nemi katin biya na can. Duk wannan wahalar, wurin mai shago za a dawo da ita.

Akwai kuma wasu ramuka da ya kamata mai sari ya sani. A Japan an fitar da samfuri biyu: mai yen 49,980 wanda harshen Japananci kawai yake yi kuma sai da rajistar ƙasar, da mai yen 69,980 mai harsuna da yawa. Duk wanda dillali ya kawo wa sabuwa fil a kan farashin da ya yi araha fiye da kima, to ya duba da kyau, kada ya yi wa rogo kallon kitse. Garantin da ke cikin kwali kuma na yankin da aka sayo ta ne, ba wanda zai karɓe shi a Zongo Lane. Cajar tsohuwar Switch ba ta iya tafiyar da sabuwar a talabijin, sai tata. Batirinta awa 2 zuwa 6 da rabi yake yi, gwargwadon nauyin wasa. Sannan kamfanin da kansa ya yi gargaɗin a yi amfani da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali kowa ya san yadda Illela da Ƙonni suke a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40. Idan ta lalace, masu gyaranmu gwanaye ne, amma gwani ba ya aiki sai da kayan gyara, kuma kamfanin iFixit da ke auna sauƙin gyaran na'urori maki 3 cikin 10 ya ba ta.

Sai babbar tambaya da kowane ɗan kasuwa ke yi kafin ya kwance bakin jaka: wa zai saya? Yaron Nima da ke son gem yana da hanya biyu da suka fi wannan sauƙi. Ta farko tana aljihunsa, wato wayar Tecno ko Infinix ko itel, inda yake buga eFootball da Free Fire da PUBG ba tare da ya sayi wasan ba, kuma da wayar zai kira, ya karɓi kuɗi, ya yi karatu. Ta biyu ita ce shagon gem na unguwa, inda zai biya 'yan kuɗi kaɗan ya kara da abokinsa a wasan ƙwallo a gaban babban talabijin, jama'a na ihu. Shi kuwa mai shagon gem PlayStation yake nema, ko da kwance ce, domin ita ke maido masa da kuɗinsa, kuma ba zai miƙa wa yaran unguwa na'urar dala 450 da za a iya sakawa a aljihu a fice ba. Abin da ya rage su ne 'ya'yan masu hali, su kuma galibi 'yan'uwansu da ke Jamus ko Amurka ne ke aiko musu, ko a sayo musu a Dubai.

Wasu za su ce to a koma ga ƙananan na'urorin ƙasar Sin, irin su R36S da makamantanta, waɗanda ba su kai dala 50 ba kuma suna zuwa da dubban tsofaffin wasanni. Gaskiya ne waɗannan sun fi dacewa da aljihun jama'armu, kuma sun fi saurin fita a lokacin Sallah. Amma a sani cewa wasannin da ke ciki akasari an zuba su ne ba da izini ba, jabunsu sun yi yawa, kuma memorin da suke zuwa da shi ba ya daɗewa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wajibi ne mai sayarwa ya faɗa wa mai saye cewa rariya ce. Ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma yana kashe kasuwa.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwarmu da su bi a hankali. Kada a sari Switch 2 ko takwarorinta masu tsada irin su Steam Deck don a jera, sai da oda da kafin alƙalamin da zai rufe asarar canji. A buɗe kwali a gaban mai saye, a kunna, a duba harshe, a jona ta da intanet a tabbatar ba a toshe ta ba, a kuma rubuta lambarta a kan rasit. A bayyana masa tun farko cewa babu garanti, da abin da kowane wasa zai ci masa. Wanda ke son cin moriyar wannan kasuwa, ya fi masa alheri ya riƙe ƙananan kayan da ke binta, kamar jaka da gilashin kare allo da caja ta gaskiya da memori, domin jarinsu kaɗan ne kuma ba sa kwana.

Ga iyaye kuma, muna cewa wasa ba laifi ba ne, kuma wanda Allah Ya hore masa, ya biya kuɗin makaranta da na Islamiyya, ya ga zai iya ɗaukar nauyin wasannin da za su biyo baya, to ya saya wa ɗansa, ya kuma sa masa lokaci, domin na'urar tana da tsarin da uba zai ƙayyade awannin wasa daga wayarsa. Amma wanda sai ya ci bashi ko ya taɓa uwar kuɗi don kada a ce ɗan wane ya fi nasa, to ya tuna dala 600 jari ce da za ta buɗe wa saurayi teburin sayar da kayan waya.

Haka nan muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan zango da su riƙa faɗakar da mambobinsu game da irin waɗannan sababbin kaya, su kuma tanadi hanyar sasanta mai saye da mai sayarwa kafin magana ta kai ga 'yan sanda. Kakanninmu da suka kafa Zongo Lane da amana suka yi suna, har ake ba su kaya bashi daga Salaga zuwa Kano ba tare da takarda ba. Bai kamata na'urar wasan yara ta zama sanadin zubar da wannan gado ba. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.