Na'urar Gwajin Mota Ba Ta Jin Bugun Ƙarƙashin Tsohuwar Land Cruiser

Yanzu matasa da yawa masu mota sun mallaki 'yar na'urar nan ta ELM327, wadda ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja irin su Torque a ga abin da ke damun inji. Na'ura ce mai amfani, ni ma ina cikin masu yaba ta. Sai dai ta koya mana wata ɗabi'a: da zarar waya ta ce babu matsala, sai a ɗauka mota lafiya lau take, alhali ƙarƙashinta na bugawa "gam" duk lokacin da aka saka giya ko aka saki totur. A ganina irin wannan ƙarar ba aikin na'ura ba ce. Bin diddigi take so, daidai yadda mu masu rubuta manhaja muke farautar kuskure.

Na'urar tana karanto abin da kwamfutar mota ta sani ne kawai. Tsarin OBD-II da take amfani da shi ya zama dole a Amurka ne a 1996, kuma babban dalilinsa shi ne sa ido kan hayaƙi. Ɗauki Land Cruiser 80, wadda aka fara ƙerawa a 1990. Mai injin dizal 1HZ famfon mansa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfutar da za a tambaya. Ko a sababbin motoci ma babu abin da ke lura da kuros ɗin farfela ko robar bushin. Wayarka ba ƙarya ta yi ba, ba a gaya mata ba ne.

Matakin farko, ka iya maimaita ƙarar duk lokacin da ka so. Idan sau ɗaya take bugawa yayin sauya giya daga gaba zuwa baya, ko yayin taka totur da sakinsa, to akwai wasa a hanyar da ƙarfi ke bi zuwa tayoyi: kuros, robobin da inji da giya ke zaune a kai, ko haƙoran da ke cikin asil. Idan bayan ka tsaya cak ne ko lokacin tashi, sau da yawa bakin farfela mai shiga da fita ne ya bushe, giris kawai yake nema. Idan a gargada take yi, ka fara duba bushin da shokoba. Idan kuma "ƙas-ƙas-ƙas" ce a jere yayin da ka karya sitiyari sosai, gaɓoɓin asil ɗin gaba ne abin zargi. Saurin bugun ma shaida ne, domin farfela na juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya.

Na biyu, ka sa hannu. Ka tsayar da motar a wuri miƙaƙƙe, ka kashe inji, ka tokare tayoyi gaba da baya, ka cire giya, sannan ka kama farfela ka girgiza. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ɗan wasa wajen juyawa abu ne da aka saba gani a tsohuwar mota, amma kuros mai motsi sama da ƙasa ya gama aiki. Jan garin tsatsa a bakinsa alama ce ya daɗe bai ga giris ba. A nan ne waya ke da rana: ka ajiye ta a ƙasa tana ɗaukar bidiyo, ka taka birki, ka sauya giya gaba da baya, sannan ka kalli bidiyon a hankali. Injin da ke tsalle a kan robarsa ba ya ɓuya.

Na uku, ka raba matsalar gida biyu, kamar yadda muke kashe rabin manhaja mu ga ko kuskuren zai ɓace. A Hilux mai makulli a cibiyar tayoyin gaba, ka buɗe makullan ka tafi da tayoyin baya kaɗai. Idan ƙarar na nan, kusan ka wanke farfela da asil ɗin gaba. A Land Cruiser mai jan tayoyi huɗu koyaushe, bakanike zai iya kulle giyar tsakiya, ya cire farfelar gaba, a ɗan zagaya. Ya yi mata alama da fenti kafin ya kwance, don ta koma yadda take.

Na huɗu, abu ɗaya za a canza a lokaci guda, a fara da mafi araha. Giris da ɗaure noti tukuna, sai kuros, sai robobi. Kafin ka nufi Ƙofar Ruwa neman giya ko asil, a tsiyaye mansu a duba maganaɗisun da ke jikin murfin. Ɗan laushin gari ba komai, gutsattsarin ƙarfe shi ne labari.

Wani zai ce tsohon bakanike da kunne kawai yake gane wannan. Gaskiya ne, kuma irinsu sun fi kowace manhaja. Amma ko gwani ya fi saurin kamo bakin zaren idan ka ce masa "sau ɗaya take bugawa idan na saki totur, ba ta yi a gargada". Idan ya ce giya ce, ka roƙe shi cikin ladabi ya nuna maka wasan da hannunsa. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Kada kuma ka ce ai ta saba yi. Kuros ɗin da ya karye ana cikin gudu yana iya sakin farfela ta daki ƙasa ko ta fasa abin da ke kusa da ita, kuma irin waɗannan motoci galibi suna aiki ne a inda gareji ke da nisa, kamar hanyar Agadez zuwa Dirkou. Ka ci gaba da amfani da na'urarka don inji. Ƙarƙashin mota kuwa, a ranar da ka fara jin bugun, ka ware rabin awa ka duba. Allah ya kiyaye hanya.