Kuɗin AC ba a shago yake ƙarewa ba



Makon da ya wuce AC ɗin ɗakin Hajiyarmu ta ce ga garinku nan. Da ma ta daɗe tana jan jiki, ranar nan kawai ta yi wani irin gurnani cikin dare, ta yi shiru. Duk wanda ya san Kano a watan Afrilu ya san ba maganar gayu ake yi ba. Da rana zafi ya haura digiri 40, da daddare kuma bango ya shiga amayar da abin da ya sha, fanka sai kaɗo iska mai ɗumi take yi. Hajiya ga shekaru ga hawan jini. Kwana biyu ta yi a tsakar gida kan tabarma tana fifita, sauro yana shagalinsa. Dole aka nemo sabuwa.

Abin da na gani cikin kwanakin nan shi ya sa ni wannan dogon rubutun, a yi haƙuri da tsayinsa. Ra'ayina a taƙaice: yawancin AC ɗin da muke cewa jabu ce, ko mu ce kayan yanzu ba su da ƙarko, tun ranar da aka haɗa su aka kashe su. Kuma da hannunmu a ciki. Mutum zai yi wuni guda a kasuwa yana ciniki a kan dubu biyar, ya ɗauko na'urar dubban ɗaruruwa, sannan ya kira yaron unguwa ya ce "zo ka maƙala min wannan," ya kuma yi masa ƙwauron kuɗin aiki.

Ni ma haka na yi shekara shida da suka wuce, shi ya sa nake da bakin magana. Wanda ya haɗa min waccan ko awa ɗaya bai yi ba. Ya jona ta a soket ɗin da talabijin take, ya kafa kan waje a bangon yamma inda rana ke dukansa tun daga azahar har magariba, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ni kuwa har godiya na yi masa wai yana da sauri. Soket biyu suka narke a ɗakin nan. Na biyun ma Allah ne ya kiyaye, ƙauri ne ya tashe mu. Sannan duk shekara sai na kira a ƙara gas, ina ɗauka haka abin yake.

To a nan zan ɗan tsaya, domin mutane da yawa ba su san wannan ba. AC ba ta shan gas kamar yadda mota ke shan mai. Gas ɗin a rufe yake, zagayawa kawai yake yi tsakanin kan ciki da kan waje. Idan ya ragu, to wani wuri ne yake yoyo, galibi a bakin mahaɗar bututu inda ba a ɗaure da kyau ba. Wanda ya zo ya ƙara maka gas bai nemo inda yake zurarewa ba, ya samu kwastoma ne na shekara-shekara. Na yi shekara shida ina zuba ruwa a kwando.

Bari mu fara daga sayen. Da, babu ruwan mutane da yawan wutar da AC ke ci, tunda kuɗin wuta bai taka kara ya karya ba, wasu ma ba mita gare su ba. Wannan zamanin ya wuce. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 kowane yunit. Daga baya an ɗan rage, amma bai sauko ƙasa da 200 ba a lokacin. Man fetur kuma tun cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san inda ya kai, janareto ya zama abin lallaɓawa. Yi lissafi da kanka. Tsohuwar AC mai hos ɗaya da rabi tana cin kusan yunit ɗaya, ko ma fiye, a kowace awa idan kwamfireso yana aiki. Ka ce awa takwas a dare, kwana talatin, yunit 240 ke nan. A kan Naira 200 ka doshi dubu hamsin a wata, ɗaki ɗaya tal. Saboda haka arahar ranar saye ba ita ce araha ba.

Shi ya sa na zaɓi mai inbata. Kuma don Allah a daina ruɗewa da sunan: ba batir ne a cikinta ba, idan aka ɗauke wuta ita ma mutuwa take yi. Bambancin shi ne, tsohuwar ba ta san tsaka-tsaki ba, ko dai ta tashi da ƙarfinta gaba ɗaya ko ta tsaya cak, kuma duk tashin da za ta yi sai ta fizgi wuta ninkin-ba-ninkin abin da take ci, shi ne za ka ga ƙwan fitila ya yi ƙasa, janareto ya yi tari. Mai inbata kuwa a hankali take tashi, idan ɗaki ya yi sanyi ta rage gudu ta ci gaba da tafiya sannu. Ga masu sola da ƙaramin janareto wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma tana da nata rauni, kada in yi muku tallan da ba a biya ni ba. Akwai allon lantarki a cikinta wanda ba ya jure wasan wuta, idan ya ƙone gyaransa da tsada, kuma ba kowane mai gyara ne ya iya shi ba.

Maganar gwanjo kuma, na san halin aljihu, ba zan zagi kowa ba. Sai dai ka karanta takardar da ke liƙe a jikin kan waje. Idan ka ga an rubuta R22, ka sani tsohon gas ne da duniya ta amince a yi watsi da shi ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal, saboda yana lalata rufin ozon na sararin sama, kuma ƙasashe irin namu an ba su zuwa 2030 su kusan daina shi baki ɗaya. Kana sayen abin da abincinsa ke ƙara wuya ne. Sababbin yanzu R410A ko R32 suke amfani da shi. Shi R32 ɗin yana iya kama wuta idan ya samu dalili, don haka ba gas ɗin da za a bar wa ɗan koyo ya yi wasa da shi ba ne. Kuma ba a gauraya su.

Girma ma a duba. Hos ɗaya na ƙaramin ɗakin kwana ne, ɗaya da rabi na babban ɗaki ko ƙaramin falo, biyu na babban falo. Amma ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kai-tsaye, ga taga tana kallon yamma, ba ɗaya yake da ɗakin ƙasan bene ba ko da faɗinsu ɗaya. A kai mai haɗawar ya ga ɗakin kafin a saya, ba bayan an saya ba.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni: waya. AC layinta daban take so, tun daga akwatin rarraba wutar gida har zuwa inda take, da birekarta ita kaɗai da makunni mai amfiya 20, da wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta. Ga hos ɗaya zuwa ɗaya da rabi, waya mai kaurin 2.5 ake sa wa, idan hos biyu ce ko akwai nisa a tafi 4. Kuma ta zama jan ƙarfe na gaske. Kasuwa cike take da wayar da aka yi wa fentin ja a sama, ka kankare ta da wuƙa ka ga fari a ciki. Irin wannan ita ce ke yin zafi a cikin silin babu mai gani, sai dai a wayi gari a ce wutar lantarki ce ta haddasa gobara. Sau nawa muka ji wannan a bazara? A ɗakin da tsoho ko yara ke kwana, ga ƙarfen taga ko ta ina, wallahi wannan ba wurin tsimi ba ne.

Sannan a auna ƙarfin wutar gidan. Abin da ya kamata ya shigo wajajen 230 ne, amma a unguwanni da yawa da zarar magariba ta yi kowa ya kunna kayansa sai ta faɗi. A auna da daddare, ba da hantsi ba lokacin da take cike. Idan tana faɗuwa sosai, sitabilaiza ta zama dole, a sa kuɗinta cikin lissafi tun farko.

Wurin kafa kan waje shi ma ba a duk inda bututu ya kai ba ne. Inuwa yake so da sarari, domin aikinsa fitar da zafin da ya kwaso daga ɗaki ne. Idan ka matse shi a saƙo, iskar da ya fitar ita zai sake shaƙa. Kejin ƙarfe saboda ɓarayi dole ne a garin nan, amma a yi shi da faɗi, da ƙofar da za a buɗe a wanke, tunda ƙurar hunturu sai ta toshe shi. Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda ba a cika faɗa ba. Na sha ganin an juya kan waje yana hura wuta cikin tagar gidan mutane, ko ruwa yana ɗiga a lungu dare da rana har wurin ya zama kwata. Kai kana barci cikin sanyi, wani yana kwana da zafinka da ƙararka. In gidan haya kake, ka sanar da mai gida kafin a huda masa bango, kada ranar tashi ta zama ranar shari'a.

A ciki kuma, kada a sa ta saitin kan gado, musamman ɗakin tsofaffi, kada kuma a sa ta saman talabijin ko soket, don ranar da za ta yi zubar ruwa. Hudar bangon ta karkata zuwa waje domin ruwa ya gangara, a kuma toshe ta bayan an gama, in ba haka ba ka buɗe wa ƙadangaru da ɓeraye hanya.

Wannan karon wani dattijon mai gyara aka haɗa ni da shi. Da ya faɗi kuɗin aiki sai da na gyara zama. Na ce, "Haba Baba, maƙalawa ce fa kawai." Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, in maƙalawa kake so ga yara nan birjik. Ni haɗawa nake yi." Na ce to ai ga tsohon bututu nan a bango, a mayar da shi mu rage kashe kuɗi. Ya ce a'a, waccan R22 ce, man da ke cikin bututunta ba ya jituwa da na sabuwar, ga shi sabon gas ya fi matsi. Ban so ba, amma na sayi sabo.

Da aka kawo kan wajen a kwance cikin Adaidaita Sahu, sai ya ce a miƙar da shi a bar shi ya huta wasu awanni, man kwamfireso ya koma mazauninsa. Da ya gama ɗaure bututu, ya fito da wani ƙaramin inji ya jona, ya bar shi yana zuƙa fiye da minti goma sha biyar kafin ya buɗe gas. Na tambaye shi, ya ce iska da danshin da ke cikin bututun yake fitarwa, domin idan suka gauraya da gas su ne ke cin kwamfireso a hankali. Sai na tuna na farkon, shi ɗan sakin gas ya yi ya ce tsss, ya ce an gama. Bayan nan Baba ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa yana duba kumfa, ya zuba ruwa a kan ciki ya tabbatar waje yake fita. Kusan wuni ya yi.

A yi adalci, ba duk laifin yaran nan ba ne. Injin zuƙar nan kuɗi ne, lokacin kuma kuɗi ne. In ka biya mutum kuɗin awa ɗaya, aikin awa ɗaya zai yi maka. Ka tambaye shi tun a waya ko yana da injin, in ya fara kame-kame ka nemi wani. Ka adana rasit da takardar garanti, ka kuma tambayi mai shago ko garantin yana da sharaɗi a kan wanda zai haɗa.

Yanzu dai tana kan 25 tare da fanka a hankali, ba 16 da muka saba dannawa ba, wanda ba ya sa ɗaki saurin sanyi, hana injin hutawa kawai yake yi. Na sa labule mai kauri a tagar yamma, an toshe ƙasan ƙofa, ragar tace ƙura kuma na ɗora wa ƙanina wanke ta duk sati biyu. Hajiya ta koma ɗakinta, ƙorafinta ɗaya wai ba ta jin ƙarar nan da ta saba, sai ta riƙa zaton an ɗauke wuta.

Abin da ya rage min shi ne silin, domin Baba ya ce rabin zafin ɗakin daga kwano yake saukowa. Wanda ya taɓa sa abin tare zafi tsakanin kwano da silin a gidansa, don Allah ya faɗa min yadda ya ga abin kafin in sake zuba kuɗi.