Sharhi: Tallafin Karatun Gaba Da Digiri Ga Hafsoshin Soja Da Amfaninsa Ga Ƙasa

Sanin kowa ne cewa aikin soja a wannan zamani ya wuce riƙe bindiga da iya fareti. Tun daga shekarar 2009, lokacin da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Arewa maso Gabas, zuwa matsalar 'yan bindiga da ta addabi Arewa maso Yamma, dakarunmu suna fuskantar abokan gaba waɗanda ke saje da jama'a, suna kuma amfani da wayar salula da intanet wajen shirya ta'asarsu. Hafsan da zai jagoranci irin wannan yaƙi yana buƙatar zurfin ilimi a fannonin tattara bayanan sirri, da injiniyanci, da shari'a, da tarihin al'ummar da yake karewa. Wannan ne dalilin da ya sa batun tallafa wa hafsoshi su yi digiri na biyu ko na digirgir ya cancanci a dube shi da idon basira.

Najeriya ta daɗe da aza harsashin wannan aiki. An kafa Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wadda aka fi sani da NDA, a shekarar 1964, ta kuma fara karatun digiri na farko a 1985. A yau tana da sashen karatun gaba da digiri, inda sojoji da farar hula ke zama a aji ɗaya. Kwalejin horar da hafsoshi da ke Jaji ta samu a 1976, Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Kuru, kusa da Jos, a 1979, sannan Kwalejin Yaƙi ta Ƙasa a 1992, wadda daga baya aka sauya mata suna zuwa Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja. Ta hanyar haɗin gwiwar wannan kwaleji da Jami'ar Ibadan, manyan hafsoshi da dama sun sami digiri na biyu a fannin dabarun tsaro. Bugu da ƙari, a 2018 aka buɗe Jami'ar Sojojin Ƙasa a garin Biu na jihar Borno.

Amfanin wannan ɗawainiya ya bayyana a fili a rundunar sojan sama. Rundunar ta tura hafsoshinta Jami'ar Cranfield ta Ingila domin karatun injiniyancin jiragen sama, kuma da ilimin da irin waɗannan hafsoshi suka dawo da shi aka ci gaba da aikin ƙera jiragen sama marasa matuƙi a gida. An ƙaddamar da jirgin Gulma a Kaduna a 2013, sai kuma Tsaigumi a 2018. Kuɗin da aka kashe a ajin karatu ne ya dawo a matsayin kayan aiki.

Idan aka yi la'akari da yadda Amurka ke tafiyar da nata tsarin, akwai darasin da za a ɗauka. Can, sojan da ke karatu a lokacin da ba ya bakin aiki yana iya samun tallafin da ya kai dala 250 a kan kowane ma'aunin darasi, har zuwa dala 4,500 a shekara. Sai dai hafsan da ya karɓa dole ne ya ƙara yi wa rundunarsa aiki na shekara biyu bayan kammala darasin. Har ila yau, dokar da aka zartar a 2008 ta ba sojojin da suka yi aiki bayan harin 11 ga Satumban 2001 damar samun tallafin karatu na watanni 36. Abin lura a nan shi ne an rubuta adadin kuɗin, an bayyana wanda ya cancanta, an kuma faɗi abin da ƙasa za ta samu a madadin kuɗinta.

Matsala ta farko da ke gabanmu ita ce ta ƙarancin hannu. Duk hafsan da aka saki ya tafi karatu na shekara ɗaya ko biyu, gurbinsa a fagen daga ya zama fanko, alhali kuwa rundunonin suna aiki a kusan dukkan jihohin ƙasar nan. Ta biyu ita ce adalci wajen zaɓe. Matuƙar damar karatu ta zama ta masu uwa a gindin murhu, hafsan da ya shekara uku a dajin Sambisa zai ga an yi watsi da shi, kuma karyewar zuciyar jagora takan sauka a kan sojojin da ke ƙarƙashinsa. Akwai kuma batun fannin da ake karantawa, domin digirin da aka yi don ƙawata suna kawai bai biya bukatar talakan da aka kashe harajinsa ba.

Saboda haka ya kamata hukumomin tsaro su riƙa bayyana sharuɗɗan samun wannan tallafi ga kowane hafsa, su ba waɗanda suka dawo daga fagen fama fifiko, su kuma ɗaure tallafin da wa'adin aiki bayan kammala karatu. Ya dace a fi karkata ga jami'o'in gida, ganin yadda faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ninka tsadar karatu a waje, a bar tura mutane ƙetare sai ga fannonin da babu su a nan.

Ko da yake harkar soja tana hannun Gwamnatin Tarayya ne kamar yadda tsarin mulkin 1999 ya tanada, jihohi ma suna da rawar takawa. Jami'o'in jihohi za su iya shirya darussan yamma da na ƙarshen mako ga hafsoshin da ke barikokin yankinsu, su kuma haɗa kai da su wajen binciken musabbabin rikicin manoma da makiyaya da satar shanu. Hafsan da ya yi ritaya da irin wannan ilimi yakan koma gida ya amfani jiharsa a matsayin malami ko mai ba da shawara kan tsaro.

Allah Ya kare dakarunmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa.