Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Jama'a, duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ba dabbobi kaɗai ake ciniki ba. In ka baro kara ka shiga layin 'yan yadi, za ka tarar da atamfa da shadda da leshi jibge, mutanen Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar da baƙi daga ƙasar Damagaram suna taya. To, ɗaga turmi ɗaya ka tambayi mai rumfa inda aka saƙa shi. Sau da yawa zai ce maka daga Kantin Kwari ya saro, Kwari kuwa daga Sin aka kawo mata.

Abin da ciwo, domin da mu ne masu tufatar da wasu. Baturen nan Barth, wanda ya zo Kano a 1851 ya kuma ratsa ta Gumel, ya rubuta cewa saƙin Kano yana kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Turkudin da Buzaye ke naɗawa, marinar Kura ce ke rina shi. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna zamanin Sardauna, UNTL da Arewa suka biyo baya, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata. Rashin wuta, tsadar baƙin mai da fasa-ƙwauri suka taru suka kashe su. KTL ta rufe a 2002, manomin auduga a Funtuwa da Gusau ya rasa babban mai sayensa.

Yau kuwa ana ta yabon adon Afirka. Tun 2011 ake bikin nuna ɗinki na shekara-shekara a Legas, teloli 'yan Nijeriya suna da masu saye a Landan da Faris. Madalla. Amma in ɗinkin namu ne, yadin na wani, rabin ribar ta tsallaka teku ke nan.

Wasu sukan ce a toshe iyaka, shi ke nan. An gwada. An rufe a Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka buɗe Maigatari. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Masaƙa nawa ta farfaɗo? Abin da muka gani shi ne kasuwa ta yi sanyi, masu bi ta daji suka yi kuɗi. Kada kuma mu zargi uwar 'ya'ya shida don ta sayi mai araha lokacin Kirsimeti. Iya kuɗinta ke nan.

A ganina gyaran daga ɗinki zai fara, gama shi ne abin da ke hannunmu. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka keɓe wa Maigatari yankin ciniki marar haraji. Nijeriya kuma ta sa hannu a yarjejeniyar cinikin Afirka a Yamai cikin 2019. Me zai hana gwamnatin Jigawa ta kai wuta ta hasken rana, ta zaunar da teloli ɗari biyu ko uku a wurin, su riƙa ɗinka kaftani da kayan 'yan makaranta don kasuwar Damagaram da Maraɗi? Wannan bai kai kuɗin gina masaƙa ba, kuma inda teloli suka yi yawa, mai saƙa zai biyo su.

Mu ma muna da namu rabon. Ku lissafa turmi nawa Zumuntar Mata ke saye in za a yi anko, ku haɗa da rigunan mawaƙa da kayan makarantun ekklisiya. Wannan ciniki ne babba. Shugabannin gunduma su haɗa odarsu wuri ɗaya, su fara neman masaƙar gida, su kuma ba telolinmu ɗinkin. Iyaye kuwa, yaron da ya gama sakandare yana zaune, ku kai shi wurin tela. Keken ɗinki bai taɓa kunyata mai shi ba.

Kafin ankon bana, bari kowace shugabar mata ta yi tambaya ɗaya: ina aka buga zanen nan? Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.