Wasiƙa ga Masu Garka na Dawce: A Ciyar da Ƙasa, a Bi Lokaci

  Magana ɗaya ce ta sa na rubuto muku: a ƙasa mai rairayi irin ta Dawce da kewayen Matameye, jarin mai garka shi ne takin da ya ruɓa a fangalinsa, da sanin abin da kowane lokaci na shekara yake karɓa. Buhun takin zamani da kwalbar magani ba su isa a ɗora garka a kansu ba.

Hujjar tana tsaye a gonakinku. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya bar wa hatsi rana, sannan ya yi kore da rani, dabbobi su taru a inuwarsa su bar kashi. Kowa ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Bayan farin 1984, manoman Magariya da Matameye da Mirya sun dage da barin tohon itatuwa a gona, har binciken da aka yi a 2006 ya ƙiyasta wajen hekta miliyan ɗaya da suka sake tufafi da itace, galibi gawo. Ba da buhu aka farfaɗo da wannan ƙasa ba, da ganye ne da kashin dabba. Abin da ya yi aiki a gona shi zai yi a garka, domin rairayi rariya ne: ruwa ya zurare, takin zamani ya bi shi. Ruɓaɓɓen taki ne yake riƙe laima da abinci a inda saiwa za ta iske su.

Saboda haka shekarar mai garka da damina take farawa, ba da kaka ba. Lokacin da ciyawa ta yawaita ake haƙa rami a inuwa, a jera busasshen kara, ɗanyar ciyawa, kashin awaki da na kaji, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a rufe. A tsince leda da batir da kwalba daga sharar gida kafin ta shiga. Duk mako biyu a juya. Idan an cusa sanda aka zaro ta da ɗumi, aiki na tafiya. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari, ya marmashe a hannu. Ɗanyen kashi kuwa ƙona saiwa yake yi, ya kawo irin ciyawa. A daminar nan kuɓewa da rama da yakuwa da lalo da alayyafo su ne ƴan gida, a ɗaga musu kunya don kada ruwa ya kwanta.

Da kaka, wajen Oktoba, a yafa irin tumatir da albasa da kabeji, a dasa su ci moriyar sanyin Disamba da Janairu. A kafa darnin kara ta gabas da arewa, inda iskar hunturu take bugowa. Wanda ya makara da dashe ya kai tumatirinsa bazara, kuma idan zafi ya haura digiri 35 furen zubewa yake yi, ko an tula masa taki. Daga Maris zuwa Mayu hikima ita ce a rage fangali, a bar zogale da ganyen da ke jure rana, a lulluɓe ƙasa da ciyawa, a yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma. A kuma riƙa sauya wuri: inda aka cire tumatir aka ga saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, kada tattasai ko gauta su biyo baya, a sa albasa.

Za a ce wannan hanya wahala ce, kuma takin gida ba ya isa, tunda gona ma tana jiran rabonta. Gaskiya ne, ba ta da saurin buhu. Amma garkar gida ƴar ƙarama ce, garken awaki kaɗan da sharar tsakar gida sun riƙe ta. A tuna kuma yadda takin zamani ya yi tsada a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, da yadda rufe iyaka da Nijeriya a 2023 ya dagula kasuwannin wannan yanki. Ramin taki ba ya jiran iyaka. Masu binciken noma na cibiyar ICRISAT a Sadore, da suka yaɗa dabarar sa ɗan tsunkule na takin zamani a gindin shuka, su ma suna cewa ya fi amfani idan an haɗa shi da na gargajiya.

Za a kuma ce, to ƙwari fa? Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, kuma ba za a ce ƴaƴan bedi suna kashe komai ba. Sai dai a duba 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kano da Kaduna: feshi bai ceci tumatirin ba, domin cikin ganye take ɓuya, kuma takan saba da magani. A garkar gida ido ya fi kwalba. A leƙa bayan ganye kullum, a tsinke wanda ya kamu a binne. A daka rabin kilo na ƙwayar bedi, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma duk mako, tun darɓa ba ta yi yawa ba. Rigakafi ya fi magani. Piya-piya da kwalaben kasuwa marasa takarda kuwa ba su da wuri a kan salak ɗin da yara za su ci ɗanye.

Ƴan'uwa, roƙona gare ku kaɗan ne. A daminar bana kowane gida ya haƙa rami ɗaya, ya ware fangali ɗaya da ba za a sa masa komai ba sai takin ramin, sannan a gwada shi da na kusa har shekara ta zagayo. Abin da kuka gani ku faɗa wa maƙwabta. Allah ya ba da damina mai albarka.