Jirgin sama mai sauka bisa ruwa

Akwai jirgin sama wanda ba ya sauka bisa ƙasa, sai bisa ruwa. Cikinsa kamar kwalekwale yake. A da, sojan ruwa suna aiki da shi don hango jiragen abokan gaba cikin teku.

A shekara ta 1926, sojan ruwan Faransa sun taso da guda 2, za su tsibirin Madagaskar. Suka biyo kogin Kwara, ta Bamako, har Lakwaja. Nan ɗaya ya lalace. Ɗayan ya isa cikin watan Nuwamba.

Ba su biyo ta Tanut ko Balbeji ba. Ina za su sauka? Damargu ba ta da kogi. Lokacin kaka ne, tabkuna sun fara janyewa, makiyaya suna komawa bakin rijiya.